Farantin Dubu Bakwai

Ranar da Oga Muzzammil ya goge dubu biyar da ɗari biyar daga allon bakin ƙofa ya rubuta dubu bakwai, ina tsaye bayansa da ludayin ƙullu a hannuna. Na ce, "Oga, don Allah wa zai saya?"

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Je ki tambayi mai ƙwai, shi wa ke saye wurinsa."

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, gaskiya ya faɗa. Ni ke zuwa cefane kasuwar Kalgo, na san inda kiret ɗin ƙwai ya kai, na san man gyaɗa, na san madara. Man janareta kuwa ba a magana, tunda injin gahawar nan nasa ko an kawo wuta ba ta iya ɗaukarsa.

Sunan wurin Rumfar Gahawa, amma babu rumfa ko ɗaya. Sabon gini ne a bakin titin da ya miƙe zuwa Birnin Kebbi, ba nisa da jami'a, gabansa gilashi ne tun daga ƙasa har sama. Oga ya yi shekara shida a Abuja, can ya ga irinsa ya dawo gida ya gina. Abin da muka yi suna a kai shi ne abincin hantsi na Asabar da Lahadi, wanda bai zama karin kumallo ba, bai kuma kai abincin rana ba. Shi da sunan Turanci yake kiransa, mu a kicin karin hantsi muke cewa mu huta. Farin faranti ne: masa uku, soyayyen ƙwai, ɗan dankali, zuma a wani kwano da bai fi murfin kwalba ba, sai kofin gahawa. Da dubu biyu da ɗari biyar muka fara, kuma a lokacin sai mutum ya jira kujera.

Ni ce mai masar. Sunana Yusra, 'yar Gwandu ce ni, kuma kafin wannan aiki shekara uku na yi a kan tabarma a ɗakin Inna da takardar digirina cikin akwati. Duk macen da ta shigo gidanmu sai ta dube ni ta ce, "Har yanzu shiru?" Wallahi har ɓuya nake yi in na ji sallama. Ranar da na samu aikin nan na yi wa kaina rantsuwa ba zan koma waccan tabarmar ba. Shi ya sa da Oga ya tara mu, ni da Hafiza mai kai abinci tebur, ya ce in wata ya ƙare wurin bai farfaɗo ba zai rufe ya ba masu sayar da waya haya, sai na fara ƙirga kwanaki. Asabar huɗu suka rage.

Oga ya yi iya nasa, a yadda ya fahimci abin. Ya ƙaro furannin roba, ya rataya wasu fitilu masu launin ruwan zuma, ya kawo mai hoto ya ɗauki farantin ta gaba ta baya aka zuba a waya. 'Yan makaranta suka zo suka tsaya jikin furannin suka yi hoto, mutum uku suka sha kofi ɗaya suka tafi. Su ban ga laifinsu ba. Waɗanda suka ɗaure mini kai su ne malaman jami'a da ma'aikatan da ke riƙe da wurin tun farko. Dubu bakwai tana da zafi, na sani, amma mutanen nan albashi suke ɗauka, kuma ina ganin motocinsu wurin mai tsire da yamma. Me ya kore su gaba ɗaya, kamar an haɗa baki?

Ba mu buɗewa ran Juma'a, sai na hau motar Gwandu na tafi gida. Bayan an sauko masallaci Inna ta ba ni kwanon fura in kai zaure. Na tarar da Baba da amininsa, Dakta Siddiƙu, wanda muke kira Baffa. Tare suka yi firamare, shi ya zama malamin jami'a a Kalgo, Baba ya tsaya a gona da karantarwa. Baffa yana cikin waɗanda a da ba su fashin Asabar a wurinmu. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye kwanon, suka sa ludayi biyu a ciki. Na ƙi tashi da wuri, har Baba ya shiga gida ɗauko goro.

Na ce, "Baffa, laifin me muka yi maka? Ko masar ce ta canza?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ɗiyata, masarki lahiya lau take. Gilashinku na ya kore ni."

"Gilashi kuma?"

"Awo. Zuwana na ƙarshe, na zauna ke nan, sai ga mutanen Dalijan su uku, dangin uwar ɗiyana, sun sauko mota. Suka hango ni tun daga titi, suka shigo gaisuwa. To mi zan ce? Ina ci suna tsaye? Na ce bismillah. A gida in na faɗi haka, mutum ya ce alhamdulillahi, ko ya sa hannu ya ɗauki loma biyu, magana ta ƙare. A wurinku kuwa, ban rufe baki ba yarinyar nan ta ja masu kujeru, ta kawo wa kowa farantinsa da kofinsa. Dubu ashirin da takwas na ajiye kafin azahar. Da ana dubu biyu da rabi ban damu ba, har daɗi nake ji. Yanzu kuwa kafin in zauna sai na fara lissafin wa zai wuce ta titi."

Ni da kaina na koya wa Hafiza haka. Oga ya ce a Abuja da zarar baƙo ya zauna sai a kai masa nasa, ba a barin mutum biyu a faranti ɗaya. Muka yi ta yi muna ganin mun iya aiki, ashe mu ke korar mutane da hannunmu.

Washegari tun kafin a kunna janareta na tare Oga. Na zayyana masa komai, sannan na ce mu yi babban tire guda a kuɗi ɗaya, masa da yawa, ƙwai kaɗan, shayi a buta, duk wanda aka yi wa bismillah ya wanke hannu ya sa. Masa ba ita ke cinye mu ba, shinkafar Kebbi ce, ƙwai da injin nan su ne bala'in.

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Yusra, ba teburin mai shayi na gina ba. In mutum na son cin abinci a tire ya koma gidansu. Nan kowa da farantinsa, shi ne bambancinmu da kowa."

Na ce, "Bambancin ya yi kyau, tunda mu kaɗai ne ba mu da kowa."

Na san na yi rashin kunya, amma ban janye ba. Muka yi ta ja har Hafiza ta leƙo ta koma. Da na ga ya kafe, kuma ina tuna tabarmar Inna, sai na sauko na ce, "To a rufe gilashin. In ba a hango mutum daga titi, ba wanda zai shigo gaishe shi." Ni na faɗa, da bakina. Wannan ya yarda, don ya ce ai manyan wurare ma suna sa labule. A ranar na sayo yadi mai kauri ruwan ƙasa, tela ya ɗinke, muka rataya daga bango zuwa bango.

Kuma abin ya yi aiki, Allah shaida. Labari ya zaga jami'a cewa yanzu ana iya ci a Rumfar Gahawa ba a gan ka ba. Asabar ta biyu tebur bakwai cikin goma suka cika. Sai dai wani irin ciki ne. Kowa ya shigo sai ya nemi lungu ya juya wa ƙofa baya, wasu ma motarsu a bayan gidan mai suke ajiyewa su tako da ƙafa. Ba hira, ba dariya, sai ƙarar cokali. Ban damu ba. Oga ya ce in aka ci gaba a haka maganar rufewa ta wuce, ni kuma har rawa na taka a kicin, Hafiza na mini dariya.

Asabar ta uku, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ina juya masa a tanda na ji sallama a bakin ƙofa. Irin sallamar da ake yi a ƙofar gida, da ƙarfi, a jira amsa. Ba wanda ke yin haka a wurinmu. Na gane muryar tun kafin a ƙare. Baba ne. Ya zo gaisuwar rasuwa Kalgo, ya ce bari ya ga inda 'yarsa ke aiki, tunda bai taɓa gani ba.

Na fito da gudu ina goge hannu, murna ta cika ni. Ina isowa ya ɗaga labulen ƙofa ya shigo. Teburin da ke fuskantarsa kuwa Baffa Siddiƙu ne zaune, ya yanka masa ya kai rabin hanya zuwa baki. Na ga abin da idona. Baffa bai san wa zai shigo ba, sallama kawai ya ji ta mutumin gida, sai hannunsa ya yi ƙasa da cokalin ya ɓoye ƙarƙashin tebur, ɗaya hannun ya jawo jarida ya rufe farantin. Sannan ya ɗago ya ga ko wane ne.

Suka dubi juna. Baffa ya janye jaridar da sauri ya ce, "Malam! Bismillah, zo, zo ka zauna."

Baba ya ce, "Alhamdulillahi, a ci lahiya." Ya gaishe shi sosai, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, duk a tsaye. Ya zaga idonsa ya dubi fitilun da furannin, ya ce mini wurin ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Na roƙe shi ya zauna in kawo masa daga nawa, ya ce motar Gwandu na jiransa.

Na raka shi bakin titi. Sai da ya sa ƙafa ɗaya a mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shekara hamsin muna cin kwano ɗaya da Siddiƙu. Yau na ga ya ɓoye cokali." Ya ɗan tsaya, ya ce, "Wa ya sa labulen nan?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "To." Motar ta tashi.

Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koma ciki na tarar Baffa ya biya ya fita ta ƙofar baya, masa biyu da rabi na nan a farantin. Na shiga kicin na zauna kan buhun shinkafa na yi kuka, kuka na gaske, har tanda ta ƙone. Kunya ce ta kama ni, da haushin kaina. Baffa ba marowaci ba ne, duk Gwandu an sani, shi ya biya mini kuɗin rajista a shekarar da ambaliya ta cinye gonar Baba. Dubu bakwai ta matse shi, ni kuma na ɗinka masa wurin ɓuya na ce na yi dabara.

Hafiza ta ce, "Ki yi haƙuri, Asabar ɗaya ta rage, aikinmu ya tsira. Kar ki taɓa komai."

Na ce, "Sai na taɓa."

Ta ce, "Zai kore ki, wallahi zai kore ki."

Na san haka. Duk satin nan ina auna abin, ina ganin fuskokin matan unguwarmu suna tambayata ko har yanzu shiru. Tsoro bai sake ni ba ko na minti ɗaya. Amma duk sanda na ɗaga ido na ga yadin nan ruwan ƙasa sai in ji ba zan iya ci gaba da soya masa a bayansa ba.

Ran Juma'a na tafi Gwandu na ce wa Inna ta ara mini manyan tirenta biyu na biki. Ta tambaye ni wa ke aure, na ce ba kowa. Na sami Baba a zaure shi kaɗai, ba Baffa, kwanon furar da ludayi ɗaya. Na gaya masa abin da zan yi gobe, na ce ina so ya zo. Ya ce, "Allah ya taimaka," ya ci gaba da jan carbinsa. Daga nan na wuce gidan Baffa. Ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na ce, "Baffa, gobe ina so ka zo ka zauna jikin gilashi, a teburin farko."

Ya ce, "Ɗiyata, ki bar ni da kunyar da na sha."

Na ce, "Ni na jawo maka ita. Ban tashi daga nan sai ka ce za ka zo." Na gyara zama a bakin ƙofar falonsa da tire biyu a cinya, har matarsa ta sa baki. Sai da la'asar ta kusa ya ce to.

Na san Oga yana da ɗaurin aure a Birnin Kebbi ran Asabar da safe, ba zai iso ba sai wajen sha biyu. Ƙarfe bakwai na hau kujera na sauke labulen, na ninke shi na tura ƙarƙashin kanta. Hafiza tana ta salati tana cewa ita ba ruwanta, amma ita ta riƙe mini kujerar. Muka haɗa tebura biyu-biyu, na ajiye buta da roba da sabulu a bakin ƙofa. A allo ban goge dubu bakwai ɗinsa ba, mai son faranti ga shi nan. A ƙasa na rubuta: tire guda dubu goma sha biyu, ko ku nawa ne. Masa talatin na jera a kowane, da miyar taushe a tsakiya, ƙwai shida a yanke, ƙuli da yaji a gefe, shayi kuma a babbar buta kan gawayi. Injin gahawa ban ko kunna shi ba.

Mutanen farko da suka zo suka ga ba labule, biyu suka juya tun daga bakin titi. Na uku ya tsaya yana karanta allon, ya karanta ya sake karantawa, shi ma ya tafi. Har ƙarfe goma ba mu sayar da ko shayi ba, ƙullu na ta kumbura a roba, Hafiza ta daina yi mini magana.

Goma da kwata Baffa ya ajiye motarsa a gaban gilashin, ba a bayan gidan mai ba. Ya wanke hannu, ya zauna a teburin farko, na kawo masa tiren na ajiye. Mutum ɗaya da masa talatin, ya dube su ya dube ni, ya ce, "Ke ɗiyar nan, kashe ni za ki yi?" Bai ci biyu ba wani direban motar Jega da ya sani ya hango shi ya leƙo gaisuwa. Na ga kafaɗar Baffa ta ɗan motsa, sannan ya ɗaga murya yadda na san shi da ita a zauren gidanmu ya ce, "Bismillah!" Direban ya wanke hannu ya ɗauki ɗaya a tsaye, ya ce madalla, ya tafi. Hafiza ta ɗauko faranti kamar yadda ta saba, na riƙe mata hannu.

Daga nan ban san yadda aka yi ba. Wani malami ya shigo ya zauna wurin Baffa, ya kira wani a waya. Wasu mata uku ma'aikatan asibiti suka ce a ba su nasu tiren a can gefe, ƙawayensu biyu suka same su. Tire na dawowa in wanke in sake jerawa, ban samu ko shan ruwa ba. Hayaniya ta cika wurin, ana gardamar kuɗin taki da bakin cike da masa. Duk sanda aka buɗe ƙofa sai na leƙa. Baba bai zo ba.

Sha biyu saura Oga ya shigo da babbar rigarsa ta ɗaurin aure. Ya tsaya a ƙofa ya dubi gilashin, ya dubi butar wanke hannu, ya dubi miyar da ta ɗiga a kan farin teburinsa. Wani daga cikin mutanen Baffa da bai san shi ne mai wurin ba ya ce masa bismillah. Bai amsa ba, ya wuce kicin ya ce in biyo shi.

Ya rufe ƙofa ya ce, "Ina labulena?"

"Yana ƙarƙashin kanta."

"Wa ya ba ki izini?"

"Ba kowa."

"Kin san da kin tambaye ni zan hana."

"Shi ya sa ban tambaya ba, Oga."

Na riga na shirya abin da zan gaya wa Inna in na sauka mota da akwatina. Oga ya saurari hayaniyar da ke shigowa ta ƙasan ƙofa. Ya ce, "Ba wannan na gina ba. Shekara shida ina tara kuɗin wurin nan, ba wannan na gani a raina ba." Muryarsa ba faɗa a cikinta, har na ji tausayinsa, amma ban ba shi haƙuri ba.

Hafiza ta turo ƙofa ta ce mutanen teburin baya sun ce a ba su tire, kuma duka biyun suna waje.

Oga ya dube ni ya ce, "Biyu kawai gare ki?"

"Su ma na Inna ne. Gobe da yamma zan mayar mata."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin mota ya riƙe, kamar bai gama yanke shawara ba. Sannan ya ce, "A ina ake sayar da irinsu?"

Na ce, "Layin 'yan kwanuka, bayan masu albasa. Ka ce manya na biki. Huɗu."

Ya juya ya fita da makullin a hannu. Na share fuskata da bakin ɗankwali, na zuba mai a tanda, na ce wa Hafiza ta gaya wa mutanen teburin baya su wanke hannu, masa na zuwa.